Yadda Aka Haɗa Hannu Aka Gina Kofin Gahawa A Abuja

Duk wanda ya juya takardar naira ashirin zai ga hoton wata mace ta duƙufa a kan tukunya tana gini. Sunanta Ladi Kwali. Mutane da yawa sun san sunan, amma kaɗan ne suka san labarin ma'aikatar da ta yi aiki a ciki, inda Bature da Bagwariya da waɗansu magina na Arewa suka haɗa kai suna gina tuluna da butocin shayi da kofunan gahawa. Labarin nan ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan hukuma su san shi, don akwai abin lura a ciki game da sana'o'inmu na gado.

Abujar da mu ke nufi ita ce ta dā, garin Sarki, wadda yanzu a ke kira Suleja. An sāke mata suna ne bayan da Gwamnati ta yanke shawara cikin 1976 za a gina sabon babban birnin ƙasa, aka ba shi sunan Abuja.

Zuwan Bature magini

Cikin 1950 Gwamnati ta ɗauki wani Baturen Ingila, Mista Michael Cardew, a kan aikin duba sana'ar ginin tukwane. Ba baƙon yumɓu ba ne. Tun 1923 ya shiga koyon gini a hannun mashahurin maginin nan Bernard Leach, daga baya ya kafa ma'aikatar kansa a Ingila, sa'an nan cikin 1942 ya tafi Achimota, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana.

Da ya iso Nijeriya sai ya zaga ƙasa yana duba aikin magina. Abin da ya gani ya ba shi mamaki. Ya tarar mata suna gina randa da tulu da hannu kawai, ba da wata na'ura ba, kuma aikin ya kai matuƙa wajen kyau. A gidan Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya fara ganin tulunan Ladi Kwali, don Sarki ya riga ya san darajarsu ya tara su. Shi Sarkin kuwa tsohon malamin makaranta ne, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Da goyon bayansa aka kafa makarantar koyon ginin tukwane a garin, ta soma karɓar almajirai cikin 1952. Abin da ya sa aka zaɓi Abuja shi ne akwai yumɓu mai kyau, da ruwa, da itacen wuta isasshe.

Niyyar Gwamnati ita ce a koya wa samari yin kwanonin tangaran irin waɗanda a ke sayowa daga ƙasashen waje, su koma garuruwansu su kafa sana'a. Almajiran farko duk maza ne. Sai cikin watan Disamba na 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta fari. Ta zo da gwanintarta cikakkiya, don tun tana yarinya ta koyi gini a ƙauyen Kwali a hannun wata 'yar'uwar iyayenta.

Abin da kowa ya kawo

Kofin gahawa ƙaramin abu ne, amma ya fi tulu wuyar sha'ani ta waɗansu fuskoki. Tulu dai a na so ya riƙa tsattsafo kaɗan, don ta haka ne ruwa ke yin sanyi a ciki. Kofi kuwa in ya yi tsattsafo ya ɓaci. Dole ya riƙe abu mai zafi ba tare da ya tsage ba, ya wanku tas kada ya riƙe ƙanshin abin da aka sha jiya. Bakinsa ya zama mai santsi, ba kauri ainun, don leɓe ya ji daɗinsa. Hannunsa ya isa yatsa ya shiga ba tare da zafi ya taɓa shi ba, gindinsa kuma ya zauna daidai a kan ɗan farantinsa. Bayan wannan, mai saye ba guda ɗaya ya ke so ba, shida ya ke so ko goma sha biyu, duka kai ɗaya.

A nan ne ilmin Cardew ya yi amfani. Ya kawo faifan gini mai juyawa, wanda a ke aza curin yumɓu a tsakiyarsa a jawo shi sama da yatsu har ya zama kofi. Ya gina tanderun bulo wanda a ke hura wa itace har zafinsa ya wuce awo 1,200, alhali wutar da mata ke toya tukwane da ita a fili da wuya ta wuce 800 ko 900. Da irin wannan zafi yumɓu ke haɗewa ya zama kamar dutse. Ya kuma san yadda a ke niƙa duwatsu a gauraya da toka da ƙasa a yi ruwan shafi, wanda in ya sha wuta sai ya narke ya zama ƙyalli kamar gilashi. Yawancin kayan haɗin nan daga ƙasar nan ya nemo su.

Su kuwa magina sun kawo hannu da ido. Ladi ta koyi aiki da faifai, ta yi kwanoni da kofuna da butoci, amma zanen da ta ke yi musu na gidansu ne. Sai ta tsoma abin cikin kunun ƙasa, fari ko ja, in ya sha iska ta ɗauki ƙayar beguwa ta tsaga zane, launin yumɓun da ke ƙarƙashi ya bayyana. Ga kunama, ga ƙadangare, ga hawainiya, ga kifi, ga kada, ga tsuntsu, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da layuka, kamar dai yadda a ke yi a jikin tulun Gwari. Bature bai koya mata wannan ba, shi ne ma ya koya daga wurinta. Har butocin da ya riƙa ginawa da kansa sun ɗauki siffar tukwanen Gwari, kuma bai daina yin su ba ko bayan da ya koma gida.

Kofi guda ya kan bi ta hannu da yawa kafin ya fito. Akwai masu haƙo yumɓu su jiƙa su tace, da masu cuɗa shi har iska ta fita, da mai gini, wanda zai auna kowane curi don kofuna su zo daidai. Shi ne kuma zai yi kofin ya ɗara girman da a ke so, saboda yumɓu na ƙanƙancewa da kamar kashi ɗaya cikin goma, ko fiye, tsakanin bushewa da tuya. In ya ɗan bushe a gyara gindi a liƙa hannu. Daga ƙarshe sai masu wuta, waɗanda za su daɗe a bakin tanderu suna zuba itace. In suka yi sakaci, aikin makonni ya tafi a banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin sha'awa kuma, ba a ɓoye sunan mai aiki ba. A gindin kayan a kan buga hatimi biyu, ɗaya na ma'aikata mai sunan Abuja da harufan Larabci, ɗaya na maginin da harufan farko na sunansa. Saboda haka har yanzu masu tara kayan tarihi suna iya rarrabe aikin Ladi Kwali da na Hassan Lapai, ko Bawa Ushafa, ko Halima Audu, ko Asibi Ido.

Riba da hasara

To, sai dai a faɗi gaskiya, niyyar farko ba ta cika ba. Kayan Abuja sun yi wa talaka tsada. Ga kwanon sha da langa suna shigowa kasuwa da araha, ga tukunyar gargajiya ta fi dacewa da murhu. Galibin masu sayen kofunan gahawa sai suka zama Turawa da manyan ma'aikata. Tulun Ladi ma, da aka shafe shi aka toya a tanderu, ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa, ya koma abin ado.

Amma ta wata fuska an ci riba wadda ba a zata ba. An nuna kayan Abuja a London cikin 1958 da 1959 da 1962, aka yi ta ribibinsu. Ladi ta tafi Ingila ta yi gini a gaban jama'a, cikin 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Cardew ya bar Abuja cikin 1965, Michael O'Brien ya gaje shi. Ya rasu cikin 1983, ita kuma ta rasu a Minna cikin 1984. An sa wa ma'aikatar sunanta.

Abin lura shi ne, tanderu da faifai akwai su a ƙasashe da yawa, abin da ya ɗaukaka kayan Abuja shi ne hannun maginan ƙasar. Da an raina abin da Ladi ta zo da shi, aka ce lalle sai ta kwaikwayi kofin kanti, da ba wanda zai tuna da ma'aikatar yau. Kuma da Sarki bai tara tulunanta ba, da wataƙila baƙon ya wuce bai gan su ba.

Don haka muna jawo hankalin malamai. In an zo darasin aikin hannu, a nemi maginiyar unguwa ta zo ta nuna wa yara, a karɓe ta da girmamawa irin wadda a ke yi wa kowane malami. Ma'aikatan hukuma kuma in sun fita rangadi su riƙa tambayar gwanayen kowane gari, su rubuta sunayensu, don ba a san inda wata Ladi ta ke zaune ba. Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, amin.