Babur Ya Ƙi Tashi: Yadda Ake Gano Matsalar Lantarki Kafin A Sayi Sabon Batir

Da yawa daga cikin masu babura a Kankia da Kusada, da zarar sun danna sitata ta ƙi amsawa, batir suke fara ɗora wa laifi. A sayo sabo a saka, bayan mako biyu shi ma ya mutu, domin abin da ya kashe na farko yana nan ba a taɓa shi ba. Asarar ta fi yawa ga masu manyan babura na gudu da ake kira fawa-bayik, waɗanda sau da yawa sai an aika Kano ko Katsina kafin a samo kayansu. Haka ma wanda ya sayo babur na hannu a kasuwar Charanchi, bai san hannun masu wayarin nawa ya ratsa ba.

Ƙaramar mitar auna lantarki, wato maltimita, irin wadda masu gyaran waya da masu haɗa sola ke amfani da ita, tana iya nuna inda matsalar take cikin 'yan mintuna. Abin da ake buƙata shi ne sanin lambobi uku da bin tsari.

Yadda sassan ke aiki tare

Batir ma'aji ne kawai, kamar tankin ruwa. Abin da ke samar da wutar shi ne koyil ɗin caji da ke cikin injin, wanda maganaɗisu ke zagayawa idan injin na aiki. Wutar da yake bayarwa nau'in AC ce, mai kai da komo, batir kuwa DC yake karɓa. Raktifaya ce ke juya ta zuwa DC, ta kuma tsare ƙarfinta kada ya wuce kima. Idan koyil, ko raktifaya, ko wayoyin da ke tsakaninsu suka sami matsala, babur zai riƙa jan wuta daga batir ba tare da mayarwa ba, har ya ƙare.

Lambobi uku

A juya mita zuwa DC 20V, a ɗora jan tsinke a kan fozitif na batir, baƙi a kan negetif.

Ta farko: injin a kashe, bayan ya huta aƙalla awa ɗaya. Cikakken batir yana nuna 12.6V zuwa 12.8V. Idan ya nuna kusan 12.2V, rabin caji ne. Ƙasa da 12V ya sauka sosai, a yi masa caji kafin a ci gaba da gwaji.

Ta biyu: lokacin da ake danna sitata. Lambar za ta faɗi, amma bai kamata ta sauka ƙasa da kusan 10V ba. Batirin da ya nuna 12.6V a zaune, sannan ya faɗo 7V ko 8V da aka danna, ya gaji. Wannan ne ake sauyawa.

Ta uku: injin na aiki, an ɗan ja totur. Ana son a ga tsakanin 13.5V da 14.5V. Idan lambar ta tsaya a 12 da 'yan kai, ko tana raguwa idan an kunna fitila, babur ba ya caji. Idan ta haura 15V, raktifaya ta lalace, tana dafa batirin. Alamunta su ne ƙwan fitila na yawan ƙonewa, ruwan batir na saurin ƙafewa, ko batirin ya kumbura.

Abin da sautin sitata ke nunawa

Idan aka murɗa makulli babu fitila, babu hon, a duba kan batir da babban fis. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa. A kwance negetif tukuna, sannan fozitif, a goge da sanfefa. Ɗan ruwan kanwa yana kashe kaifin asid ɗin da ya taru a waje, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batirin. Wajen mayarwa, fozitif ake fara ɗaurewa. A kuma duba inda wayar negetif ta haɗu da jikin babur, domin tsatsa da girgizar hanya na sassauta wurin.

Idan fitilu sun kama amma sitata shiru, galibi maɓallan tsaro ne. Manyan babura suna da jan maɓallin kashe injin a hannun dama, da wani a hannun kuloci, da wani a jikin jak ɗin gefe. Na jak ɗin yana ƙasa, inda laka da ruwan damina ke samunsa, shi ya sa yakan fara ba da matsala. A sa giya a firi, a ɗage jak, a matse kuloci, a sake gwadawa.

Ƙarar "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri tana nufin wutar ba ta isa, ko dai batir ya yi rauni ko wata waya ta saki. "Ƙat" sau ɗaya mai ƙarfi alhali batir ya ci gwaji kuwa, sai a tuhumi rile ɗin sitata ko ita sitatar kanta, wadda gawayin cikinta ke cinyewa.

Idan injin na juyawa da kyau amma ya ƙi kamawa, batun ya koma kan fulogi da mai. A ciro fulogi, a mayar da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin injin nesa da ramin fulogin, a danna sitata. Tartsatsi mai shuɗi da ƙarfi alama ce ta lafiya. Idan babu, a gwada wani fulogin kafin a je ga koyil ɗin fulogi ko CDI.

Me ya sa Boxer ke tashi da kik, fawa-bayik ya ƙi?

Yawancin ƙananan babura masu kafireta, irin waɗanda 'yan acaba ke hawa, suna samun wutar fulogi kai tsaye daga koyil ɗin injin. Ko batir ya mutu, kik ɗaya ko biyu sun tashi. Babur mai injekta kuwa yana da famfon mai da ƙaramar kwamfuta da ake kira ECU, kuma dukansu da batir suke aiki. Idan aka murɗa makulli, ya kamata a ji ɗan kukan famfon na daƙiƙa biyu ko uku daga wajen tanki. Idan ba a ji ba, a duba jan maɓalli da fis ɗin famfon. Irin wannan babur, idan batirinsa ya mutu murus, turi ma ba lallai ya tashe shi ba.

Idan babu caji

A fara da soket ɗin da ke haɗa koyil da raktifaya. A manyan babura wayoyi uku ne, galibi ruwan ɗorawa, kuma soket ɗin kan yi zafi har robarsa ta narke. Idan yana lafiya, a cire shi, a juya mita zuwa AC, a tayar da injin, a auna wayoyin bibbiyu. Sakamakon ukun ya zama kusan ɗaya, yana ƙaruwa idan an ja totur. Sannan a kashe injin a tabbatar babu wayar da ke haɗe da jikin babur a cikin ukun. Idan koyil ya ci waɗannan gwaje-gwaje, raktifaya ce abar zargi.

Kayan ƙari da yanayin gari

Sifika, fitilun ado, cajar waya da na'urar ƙararrawar ɓarayi suna cikin manyan masu kashe batir, musamman idan an jona su kai tsaye ba ta bayan makulli ba. Lissafin mai sauƙi ne. Fitila mai 35W tana jan kusan 3A, don haka za ta zuƙe batir mai 5Ah cikin ƙasa da awa biyu idan injin a kashe yake. Na'urar da ke jan 20mA kacal dare da rana za ta ƙarar da shi cikin kwana goma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu manyan babura kan ajiye su kwana da kwanaki, kuma gajeren zagaye cikin gari ba ya mayar da abin da sitata ta ja. Wanda zai ajiye babur fiye da mako ya kwance wayar negetif.

Zafin bazara, lokacin da rana ke haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir yana rage masa kwana. A batir mai murafu, tataccen ruwan batir kawai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Sanyin hunturu kuma yana rage ƙarfin batir da asuba, daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, shi ya sa batirin da bazara ta raunana yakan mutu a Disamba ko Janairu.

Kurakurai huɗu masu tsada

Cire kan batir injin na aiki don a gwada caji yana iya ƙona raktifaya ko ECU. Ɗaure fis da waya ko takardar sigari yana iya jawo gobara a ƙarƙashin tankin mai. Idan fis na yawan ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, galibi a wuyan babur inda kai ke juyawa. Jona babur da batirin mota yana yiwuwa, amma injin motar ya kasance a kashe. Sai kuma caji da babbar cajar mota: batirin babur yana son kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato mai 7Ah a ba shi kusan 0.7A na tsawon awa goma.

Mai babur da ya rubuta lambobin nan uku kafin ya je wurin mai wayarin ya rage wa kansa sayen kaya bisa zato. Bayan an gama gyara, a sake auna ta ukun a gaban mai gyaran. Idan ba ta kai 13.5V ba, aikin bai ƙare ba, kuma bai kamata a kama hanyar Kusada ko Gidan Mutum Ɗaya da yamma a kan wannan babur ba.