'Yan Tawayen Zariya da Fasahar Gida

Cikin shekarar 1955 aka ɗauke sashen koyar da zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kai shi Zariya. Wannan kwaleji ita ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Galibin malaman sashen Turawan Ingila ne, in ban da irin su Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. Tsarin karatun kuwa an kwaikwayo shi ne daga makarantun zane na Landan, watau a koya wa ɗalibi awon jikin mutum da sarrafa haske da inuwa, amma ba a ce masa kome game da fasahar da ya taso ya tarar a gidansu.

Wannan giɓi shi ya sa waɗansu ɗalibai suka kafa wata ƙungiya a watan Oktoba na 1958, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Kalmar tawaye dai ta yi musu nauyi, domin ba su ƙaurace wa aji ba. Ra'ayinsu, wanda suka kira Natural Synthesis da Turanci, shi ne mai zane ya riƙe dabarun da ya koya a makaranta, sa'an nan ya koma ya yi nazarin fasahar mutanensa da natsuwa, har biyun su gauraya a hannunsa ba tare da tilas ba.

Uche Okeke, wanda ya girma a Kafanchan, ya koma wa uli, zanen da matan Ibo kan yi a jiki da bangon ɗaki, kusan kamar yadda matan Hausawa ke yi da katambiri. Onobrakpeya ya ɗauki tatsuniyoyin Urhobo ya mai da su hotuna. Ya kamata ɗalibin Hausa ya san sunan nan, domin shi ya yi hotunan littafin Cyprian Ekwensi na 1962, An African Night's Entertainment, wanda manazarta adabi suka daɗe suna nuna kamanninsa da Jiki Magayi. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu, amma Okeke ya je ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Nsukka, Grillo ya yi haka a Kwalejin Yaba, Nwoko kuwa ya karkata ga gini, har aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gine-gine a birnin Venice na Italiya a 2023.

To, a nan ne abin lura yake. Duk waɗannan da aka zana 'yan kudu ne, kowa kuma fasahar garinsu ya fi mai da wa hankali, kamar yadda ra'ayin nasu ya tanada. Alhali kuwa daga Samaru zuwa cikin birnin Zazzau 'yar tafiya ce kaɗan, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Mikaila ya gina cikin ƙarni na 19, ga gidaje masu zayyana a fuskar zaure, ga marina, ga maɗinka zaune bisa tabarma suna yi wa riguna aiki. Duk wanda ya tsaya ya dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagi, ko tambari, ya san akwai lissafi a ciki. Maɗinki ba ya fara soka allura sai an zana masa siffar a jikin ƙyalle, kuma mai zanen nan sau da yawa almajiri ne wanda hannunsa ya saba da zayyanar allo. Ke nan ƙasar Hausa tana da nata masu tsara zane tun kafin a buɗe musu aji.

Wanda ya fara zama ya yi wa wannan fanni nazari mai zurfi a jami'ar wani malami ne Bature, David Heathcote. Shi ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan cikin 1976, ya kuma rubuta kundin digirinsa na uku a kan tufafin Hausawa masu aiki. A 1977 jami'ar ta ware sashe na musamman domin tsara kayan masana'antu, inda ɗalibai ke koyon saƙa da rini da buga zane a yadi, tare da ginin tukwane. A lokacin masaƙun Kaduna suna kan ganiyarsu, saboda haka ɗalibin da ya ƙware a zanen atamfa yana da wurin zuwa.

Wannan ƙofa ta daɗe da ƙuntata. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, sauran kuma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Atamfar da ta cika kasuwanni bayan haka yawancinta daga Sin take, ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta ratsa Nijar, ta shigo ta garuruwan bakin iyaka irin su Illela da ke daura da Birnin Ƙwanni. Ga shi kuwa kafin wannan zamani tufa daga ƙasar Hausa take fita ta yi arewa. Turkuɗin Kura, wanda ake rinawa da baba a buge shi a mabuga har ya riƙa ƙyalli, shi ne rawanin da Buzaye ke alfahari da shi.

Akwai aikin da ya faɗo kan sashen Hausa a cikin wannan al'amari. Sunayen zane-zanen riga da hula, da kalmomin karofi da na masaƙa, da yadda gwani ke gane saƙi mai kyau daga na ƙwarya-ƙwarya, duk a bakin dattawan sana'a suke, da Hausa kuma suke faɗarsu. Ɗalibin zane yana iya kwafar siffar dagi cikin sa'a guda, amma in ana son a san inda ake sa shi da inda ba a sa shi, sai an sami wanda zai zauna a zauren maɗinki ya yi tambaya, ya rubuta amsar yadda aka faɗe ta.