Ko Kun Sani? Yadda Abuja ta Farko ta Zama Suleja

Mazauna Durumi da maƙwabtansu na Garki, waɗanda kullum suke rubuta Abuja a kan wasiƙunsu, galibinsu ba su da labarin cewa sunan aro ne daga wani gari da ke arewa maso yamma, daura da Dutsen Zuma, a ƙasar Gwari da Koro. Asalin al'amarin kuwa shi ne, yayin da mujahidan Shehu Usmanu suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi hijira kudu da jama'arsa, ya zauna Zuba, har ajali ya riske shi a yaƙin Lapai a 1825. Sa'an nan ƙanensa Abubakar, wanda ake wa laƙabi Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa birni mai ganuwa a 1828, aka kira shi da sunansa.

Da hukumar Janar Murtala Muhammad ta zartar da ƙudurin gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai tsohon garin ya sallama sunan da ya riƙe kusan shekara 150, karamcin da ya cancanci a riƙa ambatonsa, ya ɗauki Suleja don girmama sarkinsa na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, kuma a yau yana cikin Jihar Neja.