Hanwa a Matsayin Fagen Bincike da Hidimar Jama'a ga Ɗaliban Ilmin Zaman Jama'a

Ɗalibin da ke neman digirin farko a ilmin zaman jama'a wajibi ne ya rubuta kundin bincike a shekararsa ta ƙarshe. Sau da yawa abin da kan faru shi ne ya buga takardun tambayoyi da Turanci, ya rarraba wa 'yan'uwansa a ɗakunan kwana, ya ƙirga amsoshi, shi ke nan. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna da fagen da ya fi wannan albarka a bakin ƙofarsu, watau Hanwa, wadda ke tsakanin Samaru da Sabon Gari.

Abin da ya fifita Hanwa shi ne an taɓa auna ta. Cikin 1966 zuwa 1967, David Norman da ma'aikatansa na sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru sun yi nazarin ƙauyuka uku na Lardin Zazzau: Ɗan Mahawayi mai nisa da babbar hanya, da Doka a bakin hanyar Kano, da Hanwa dab da gari. Shekara guda suka yi suna bin gidaje, suna rubuta aikin gona da abin da aka girbe. Suka tarar manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya yana da hujja, gama abin da yake samu a eka ya fi na mai shuka iri guda, kuma babbar matsalarsa ƙarancin hannu ce lokacin noma, cikin Yuni da Yuli. Cikin 1970 zuwa 1971 Emmy Simmons ta bi ƙauyukan nan tana auna cimarsu, ta kuma bayyana yadda matan kulle ke sarrafa abinci na sayarwa.

Yau gari ya cim ma Hanwa. Ta zama gunduma a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, gonaki da yawa kuwa sun zama filaye da gidajen haya. To, ga tambayoyi birjik. Ina gandu ya kwana, watau noman tarayya na uba da 'ya'yansa, bayan an yanka gonar an sayar? Fulanin da suka zauna da shanunsu, ina suke kiwo? Wace sana'a jikokin manoman 1966 ke yi? Ɗalibin da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu yana da ma'aunin da zai gwada abin da ya gani da shi, kuma kuɗin motarsa kaɗan ne.

Amma fa sai an kula da harshe, don a nan ne bincike ya fi lalacewa. In ka tambayi mutum yawan mutanen gidansa, zai lissafa duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya, ko da tukunya uku ake ɗorawa a ciki. Mai son sanin iyali sai ya tambayi waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. In ka tambayi matar aure ko tana aiki, tana iya cewa a'a, alhali kullum 'yarta na fita tallar ƙosai; kalmar da za ta buɗe bakinta ita ce sana'a. Haka kuma “gonata” tana iya zama ta gado, ko ta saye, ko aro, ko haya, ko jingina, kowace da hukuncinta. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta cikin 1949 da 1950 aka buga cikin 1954, bai samu ba sai don da Hausa aka yi hirar, kuma mace ce ta shiga wurin mace.

Sauran batun hidima. Mutanen da ke maƙwabtaka da jami'a sun daɗe suna amsa tambayoyi, ba safai sukan ji abin da aka yi da amsoshinsu ba. Akwai abin koyi a jami'ar kanta: tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo ke shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, su tattara matsalolin jama'a, su mai da su wasa, su nuna a gaban masu abin. Ɗalibin zaman jama'a yana iya yin kwatankwacin haka. Ya fara da gaisuwa wurin mai unguwa, ya nemi yardar kowane mai amsa, ya ɓoye sunansa. In ya gama, ya taƙaita sakamakon a shafi biyu na Hausa, ya karanta a gaban dattawa da ƙungiyoyin unguwa. Ƙidayar rijiyoyi, ko ta yaran da ba sa zuwa makaranta, hujja ce da za su iya kai wa ƙaramar hukuma.

Shawararmu ita ce sashen Hausa da na zaman jama'a su haɗa hannu: ɗalibin Hausa ya gyara tambayoyi, ya rubuta hirar yadda aka faɗe ta, ɗan'uwansa ya yi nazari. Malaman kwalejojin horon malamai su ma suna iya gwada wannan a unguwannin da ke kewaye da su. In aka adana kundayen wuri ɗaya, na bana zai zama ma'auni ga na baɗi, kamar yadda aikin 1966 ya zama mana.