Hawan Salla a Bauchi: Darasin da 'Yan Kasuwa Za Su Koya Daga Kyoto

A duk lokacin da Salla ta gabato, ciniki yakan kasu gida biyu a Bauchi. A kasuwannin Wunti da Muda Lawal, teloli da dukawa da masu kayan doki ba sa samun sukunin runtsawa. Amma a Gwallameji, unguwar da ke kan hanyar Dass kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kasuwa takan yi sanyi, domin ɗaliban da ke raya shaguna da gidajen abinci sukan tafi gida hutu.

Hawan da Mai Martaba Sarkin Bauchi, Alhaji Rilwanu Sulaiman Adamu, ke jagoranta yana tara dubban jama'a, sai dai ribarsa ba ta cika ƙetare ganuwa ba.

Birnin Kyoto na ƙasar Japan ya daɗe da warware irin wannan matsala. Bikin Gion, wanda ya samo asali a shekarar 869 lokacin wata annoba, yana cinye watan Yuli baki ɗaya. Ranakun 17 da 24 ga wata ake jan manyan amalanke 34 da aka ƙawata da dardumai masu tsada. Tun ƙarnonin baya unguwannin fatake ne ke da waɗannan amalanke, kuma har yau ƙungiyoyin unguwa ke kula da su. A dararen jajibiri akan kafa rumfunan abinci, ana sayar da kayan tsaraba, akwai kuma kujerun kallo na kuɗi a bakin titi.

Amfanin wannan tsari shi ne ranar ba ta sauyawa, saboda haka otal-otal da kamfanonin yawon buɗe ido sukan sayar da gurabe tun watanni kafin biki. Ita kuwa Salla takan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma sai an ga wata. Duk da haka ana iya kintatar makonta tun da wuri, musamman Babbar Salla, wadda ake sanin ranarta kwana tara kafin ta zo.

Dama ta ƙara buɗewa tun Disamban 2024, lokacin da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Bauchi kuma tana da abin da Kano ba ta da shi, wato gandun dajin Yankari, inda baƙo zai ƙara kwana biyu bayan hawa.

Abin da ya rage shi ne 'yan kasuwar Gwallameji su haɗa kai, su nemi rumfuna a hanyoyin da hawa ke bi, su tanadi masauki da motocin jigilar baƙi. In ba haka ba, Salla za ta ci gaba da wucewa ta bar su da kuɗin hayar shago.