Rabilu Musa Ibro da Finafinan Camama

Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda aka fi sani da Ibro ko Ɗan Ibro, shi ne ɗan wasan barkwancin da ya fi kowa shahara a finafinan Hausa na bidiyo. An haife shi a shekarar 1971 a garin Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta Jihar Kano. A nan ya yi firamare, sannan ya wuce kwalejin horon malamai ta Wudil. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, ya yi shekara 8 yana ganduroba har ya kai muƙamin sufeto, kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa gaba ɗaya.

Ya shigo harkar ne tana jaririya. Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Kano, a 1990 ya fito. Kafin nan barkwancin Hausa a rediyo da talabijin yake, a hannun irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero na shirin Karambana. Waɗannan sai tasha ta sa su a lokacin da ta ga dama. Shi kuwa Ibro a kaset ya zo, wanda za a saya, a ara, a yi ta maimaitawa har ya tsinke.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sana'ar ta rabu gida biyu. Akwai finafinan soyayya masu rawa da waƙa irin na Indiya, waɗanda Sangaya ya buɗe wa kasuwa, ana ɗaukar su a manyan gidajen birni da motoci masu tsada. Akwai kuma camama, inda Ibro ya yi fice, wato finafinan ban dariya masu ƙaramin jari, da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki a ƙauyukan kewayen Wudil, a zaure da bakin rijiya da gindin bishiya. 'Yan birni sun daɗe suna yi wa camama kallon raini. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai ba su taɓa raina ta ba, domin sun san kaset ɗin da ke ƙarewa da wuri. A wancan lokaci daga Kano ake kai kaset ɗin zuwa kasuwannin mako-mako, har ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda gidan kallo mai janareta kan cika da dare in an ce sabon Ibro ya iso. Haka abin ya kasance a Maraɗi da Damagaram.

Sirrin karɓuwar Ibro yana cikin mutumin da yake fitowa a matsayinsa. Ibron fim talaka ne mai kwaɗayi da wayo da tsoro da cika baki, irin Gizo na tatsuniya: ya ƙulla dabara, ta kusa ci, sai ta juye a kansa. Mai kallo na karkara yana ganin maƙwabcinsa a cikinsa, yana kuma jin harshen da ake yi a gona da majalisa, ba Hausar da aka goge don allo ba. Akasarin maganganunsa nan take suke zuwa masa, ba daga rubutu ba, kuma ya san inda zai yi shiru ya bar zare ido da murguɗa baki su ƙarasa. Ga shi ya iya aiki da abokan wasa. Kulu da 'Yautai da Ciroki da Daushe da Bosho duk sun yi fice a gefensa.

Sunansa kansa ya zama jari. Da zarar wani abu ya yi tashe, sai a manna shi a bayan Ibro a yi fim: Ibro Awilo lokacin da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya cika gari, Ibro Ɗan Fulani, Ibro Aloko. A 2002 ya fito a Ibro Usama, inda ya mai da Usama bin Laden da manyan shugabannin duniya abin dariya, a daidai lokacin da batun ke da zafi ƙwarai a Arewa. Ba duk finafinan ne suke da inganci ba. Wasu an yi su ne a gurguje don kada kasuwa ta wuce, kuma wasan da yake yi da karin harshen wasu ƙabilu, ko da yake yana da tushe a wasan barkwanci na al'ada, yakan wuce gona da iri.

Shahararsa ba ta kare shi daga hukuma ba. Bayan rikicin da ya girgiza masana'antar a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, aka tsaurara dokoki. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata 2 bisa zargin rawar da ba ta dace ba a cikin Ibro Aloko. Tsohon ganduroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. A wannan zamani ne kuma aka ɗaure Adam A. Zango da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, kuma 'yan fim da yawa suka kwashe aikinsu zuwa Kaduna da Jos.

Bayan fitowarsa ya ci gaba da wasa, har ya riƙa bayyana a manyan finafinai tare da taurarin birni, alamar cewa katangar da ke tsakanin camama da sauran finafinai ta fara rushewa. Ciwon ƙoda ya kama shi a shekarunsa na ƙarshe, ya rasu a Kano a watan Disamba na 2014. Sulaiman Bosho da Daushe da sauran abokan wasansa ne suka ci gaba da riƙe barkwancin fim, yayin da kasuwar kaset da faifai ta mutu, tsofaffin finafinansa suka koma YouTube da wayoyin hannu.