Abubuwan Ban Sha'awa na Halitta a Kwarin Gulbin Rima

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci yawon buɗe ido a Jihar Kebbi, bikin kamun kifi na Argungu ne ke fara zuwa a zukatan mutane. An fara shi a sigarsa ta yanzu a shekarar 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya na gado a 2016. Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, gulbin kuwa yana nan duk shekara. Wannan babi zai yi bayani a kan wuraren halitta na wannan kwari da amfaninsu ga malamin Hausa.

2.0 Matsirga da Yanayin Ƙasa

Matsirga ita ce wurin da ruwan rafi ke tsirgowa daga kan dutse zuwa ƙasa. An gina kalmar daga aikatau "tsirga" da ɗafa-goshin "ma-", kamar yadda aka sami "mashaya" daga "sha". Misalanta su ne Matsirga ta kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna, da Gurara a Jihar Neja. Ana samun matsirga ne inda rafi ya bi ta kan dutse mai tauri, sannan ƙasa ta yi gangare kwatsam. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kuwa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ta yashi da laka, don haka gulbi yakan bazu ne a hankali. Bazuwar nan ita ta haifar da fadama, wadda ita ce adon wannan yanki.

3.0 Fadama da Halittunta

Gulbin Rima yakan haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya wuce ta Argungu da Birnin Kebbi, sannan ya faɗa Kogin Kwara. Da damina ruwa kan cika fadama, manoma su shuka shinkafa. Da kaka ya ja baya, ya bar tafkuna masu bado da kainuwa. A nan mai ziyara zai ga zalɓe da balbela da kirinjijiya, har da tsuntsayen da kan taso daga Turai lokacin hunturu. A cikin ruwa akwai giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa. Matan Fada, inda ake bikin Argungu, yana ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma al'adar hana su a wurin sai lokacin biki ita ke ba kifi damar hayayyafa.

4.0 Barazana

Madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato da ta Goronyo a kan Rima sun sauya lokacin zuwan ambaliya da yawanta. Sare itatuwa da kwararowar yashi kuma suna cike tafkuna. Asarar ba ta tsaya ga muhalli ba, domin duk kifin da ya ɓace, sunansa kan ɓace daga bakin yara, tare da karin maganar da aka gina a kansa.

5.0 Aikin Malami

Ya kamata malami ya shirya wa ɗalibansa ziyarar gani da ido. Ya fara neman izinin hukumar makaranta da na iyaye da na Sarkin Ruwa, ya zaɓi lokacin da ruwa ya ja baya, kuma ya hana yara shiga ruwa. A can ɗalibai su tattara sunayen kifaye da tsirrai da kayan su, kamar homa da gora, daga bakin masunta, su lura da bambancin Kabanci da daidaitacciyar Hausa. Bayan an dawo, su rubuta insha'in siffantawa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa yanayin ƙasa ne ya hana wannan kwari matsirga, ya ba shi fadama. Malamin da ya san fadamar garinsu yana da ɗakin karatun da bai saya da ko kwabo ba.